Jimla Ɗaya ta Turanci ta Shiga Tsakanina da Mahaifiyata

Malam Gariba, don Allah ka taimake ni da shawara. Kwana goma sha biyu ke nan ina ɗinki ina warwarewa, hankalina ba ya kan keke.

Ni tela ce a Zangon Kumasi, shekarata ashirin da huɗu. A Salaga aka haife ni. Ina 'yar shekara huɗu ƙanwar babana, Gwaggo Hamamatu, ta ɗauko ni riƙo, kamar yadda ake yi a danginmu. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da sayar da koko da ƙosai ta raine ni, ta kai ni koyon ɗinki wurin wata mata 'yar Asante a Aboabo. Da aka buɗe ajin manya na yamma, ita ta tsaya kai da fata sai na shiga, mutanen gida suna ta cewa me mace za ta yi da Turanci. Ranar da na fara karanta rubutun gaban mota a tashar Kejetia ban tambayi kowa ba, guɗa ta yi a tsakiyar jama'a. Har in mutu ba zan gama gode mata ba.

Watan jiya aka ba mu takardar shaida. Malaminmu Ticha Mutaru, mutum mai haƙuri, Allah ya saka masa, ya ce kowa ya tsara 'yar godiya da Turanci ya faɗa a taron. Bai daɗe da koya mana yadda ake gwada abu biyu ba, kamar "Kumasi is bigger than Salaga", ko "this cloth is better than that one". Na ji daɗin darasin nan ƙwarai, don matan ma'aikata da ke kawo mini ɗinki kullum tambayarsu ke nan, wane yadi ya fi. Sai na tsara tawa jimlar na ɓoye, ko Ticha ban nuna wa ba, wai in ba Gwaggo mamaki.

Mahaifiyata, Mma, ta zo taron. Kwana biyu ta yi a hanya, ta ƙetare kogi a Yeji, da ƙwaryar man kaɗanya da daddawa a kanta. Shekara shida rabona da ita.

Da aka kira ni na miƙe na ce, "My aunt is better than my mother." Wallahi Malam, abin da ke zuciyata shi ne Gwaggo ta zame mini uwa har da ƙari. Aka tafa. Mma ba ta jin Turanci, sai ta juya wurin maƙwabcinmu Baba Iddrisu, tsohon sojan da ya je yaƙin Bama, ta tambaye shi me na ce. Shi kuwa muryarsa ba ta ɓoyuwa, ya ce, "Ta ce gwaggonta ta fi uwarta." Ina kallo Mma ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tuƙa mana tuwo, muka ci tare. Wata guda ta zo yi, amma kwana uku ta ce gona na jiranta. A tasha ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya saka wa gwaggonki, ta yi abin da ban yi ba." Muna dawowa gida Gwaggo ta faɗa mini abin da ban taɓa sani ba: ranar da aka taho da ni, Mma ta bi motar da ƙafa har bayan gari, kuma ba don tana so ta ba da ni ba, dangi ne suka yanke.

Na je wurin Ticha, ya ce a nahawu jimlata ba ta da aibi. To Malam, ina kuskuren? Laifin Baba Iddrisu ne? In rubuta wa Mma wasiƙa? In na janye maganata, ban butulce wa Gwaggo ba? Har na fara tunanin in bar Turancin nan gaba ɗaya. Na gode tun kafin ka amsa, don da filinka na jarida nake gwada karatuna kowane mako.

Mai Keken Ɗinki, Zango

'Yata Mai Keken Ɗinki,

Barka da samun takarda. Ki ajiye zancen barin karatu, ba shi ya yi laifi ba. Baba Iddrisu ma ki wanke shi. Abin da kika faɗa ya fassara, sai dai da ya sassauta murya.

Ga inda aka samu matsala. A Hausa kalma ɗaya, "fi", ke ɗaukar mana nauyi mai yawa, mai ji kuma ya gane nufi daga fuska da murya. Turanci ya rarraba aikin. Duk inda kika ce "better than", ko "bigger than", kin ɗora abu biyu a sikeli, dole ɗaya ya yi ƙasa. A kan yadi ko gari babu wanda zai ji ciwo. Ke kuwa mutum biyu kika ɗora, kika kuma ce "my mother", wato mahaifiyarki ita kanta, wadda ke zaune a gabanki. Abin da kike nufi Bature yakan ce "she is more than a mother to me". Ki lura da ɗan "a" ɗin nan: ba ya nuna wata mace takamaimai, matsayin uwa kawai yake nufi. Akwai kuma "as dear as", mai daidaita biyu ba ya kayar da kowa: "my aunt is as dear to me as my mother". Mafi sauƙi, "she is like a mother to me". A gaban mahaifiya, ɗaya daga biyun ƙarshen nan zan zaɓa miki.

Yanzu ga mutanen. Gwaggo ta cancanci yabo a bainar jama'a, shekara ashirin ta yi tana yi miki wahala, kada ki janye ko harafi daga godiyarta. Ba ta ma nemi a kayar mata da kowa ba. Da ta nema, da ba ta ba ki labarin bin mota ba. Mma kuwa ba jimlarki kaɗai ta soke ta ba. Ta daɗe tana zargin kanta, sai ta ji kamar 'yarta ta tabbatar mata a gaban mutane. Darasin nahawu ba zai warkar da wannan ba, kada ma ki je kina yi mata bayanin "more" da "better".

Kada ki rubuta wasiƙa. Mma ba ta karatu, wani zai karanta mata, kin sake sa tafinta a tsakaninku. Ki rufe keke na mako biyu, ki sanar da masu ɗinki, ki hau motar Salaga. Ki nemi Gwaggo ta raka ki, ina jin ba za ta ƙi ba. In kin isa ki durƙusa, ki ce bakinki ya yi kuskure a harshen da kike koyo, ki nemi gafara sau ɗaya da harshen da ta haife ki a ciki. Sannan ki gode mata, don ga alama ba a taɓa gode mata ba a kan 'yar da ta bayar tana kuka. Kada ki yi saurin dawowa. Ki taya ta aiki, ki bar ta ta ba ki labarin ƙuruciyarki da ke wurinta ita kaɗai.

Allah ya kai ku lafiya, ya sanyaya zuciyar Mma, ya bar miki iyayenki mata biyu har ki rama musu da hannunki.

Malam Gariba