Wane Neudorf, Buvi?

Leipzig, Jamus, 19 ga Disamba

Zuwa ga kakata, Buvijon,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Ina gaida Kawu Erkin da ke karanta miki wannan saƙo daga kwamfutarsa. Kawu, a karanta duka, ban da tsallake.

An ba mu hutun hunturu. 'Yan ƙasa duk sun tafi gidajen iyayensu, saura mu baƙin da aka kawo karatun shekara guda, muna ta gilmawa a ɗakunan kwana kamar fatalwa. Shi ne ni da Leonor 'yar Fotugal, wadda muke ɗaki ɗaya, da Anjali 'yar Indiya, muka yanki wani tikiti da mutum zai hau duk jirgin ƙasan da ya ga dama har kwana goma sha biyar. Za mu je Prague, mu wuce Vienna, mu ƙare a Venice, garin da aka ce titunansa ruwa ne. Anjali ta rubuta lokacin tashin kowane jirgi, ta ba kowa kwafi. Leonor har ta ɓatar da nata.

Babbar Sallah za ta same ni a hanya, ranar ƙarshen shekara. Ki ci rabona na shinkafar palov. Kada ki damu da sanyi, safar da kika saƙa mini tana ƙafata.

Ki sa ni a addu'a.
Jikarki, Shahlo

Kokand, Uzbekistan, 21 ga Disamba

Shahlojon, ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Na ji za ku zaga Turai a jirgi kyauta. Erkin ya ce ba kyauta ba ne, amma ni haka na fahimta.

To saurara. Tunda jirgin ko'ina yana zuwa, ki sauka a Neudorf. Can babana yake kwance, Sobir ɗan Yoldosh. Ina da shekara huɗu aka tafi da shi yaƙin Jamus. Abin da na riƙe kawai, ya ɗaga ni ya ɗora a kan katangar gida don in ga motar da za ta kwashe su, ya manta bai sauke ni ba. Fiye da shekara sittin ke nan babu wani jininsa da ya tsaya a kansa. Ki je ki karanta masa Fatiha. Garin ruwan nan ba inda zai gudu.

Ki riƙa rufe kanki, kada ki fita da jiƙaƙƙen gashi. Allah ya tsare mini ke.

Kakarki, Munavvar

Ƙari daga Kawunki: Na tambaye ta Neudorf na wace ƙasa, ta ce na Turai. Ki yi yawonki, kada ki wahalar da kanki.

Vienna, 27 ga Disamba

Buvijon,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina rubutu a wani shagon intanet kusa da tasha, yatsuna duk sun sandare.

Buvi, wane Neudorf? Na je wurin mai sayar da tikiti a Leipzig na faɗa masa sunan. Ya buga a na'urarsa, ya juyo mini da fuskarta, ya ce, "Wanne daga ciki, 'yammata?" Sun fi talatin. Ashe kalmar "sabon ƙauye" kawai take nufi. Kamar a ce wa baƙo ya je kwarinmu na Fergana ya nemi gidan da ke da bishiyar inabi.

Na zaɓi wanda ke kan hanyarmu, a cikin duwatsu kusa da iyakar ƙasar Cek. Muka kutsa cikin dusar ƙanƙara har gwiwa. Limamin cocin garin ya ce ba a taɓa binne sojanmu ko ɗaya a wurinsu ba. Ya ƙara da cewa Neudorf da yawa na gabas an sauya musu suna bayan yaƙi, sun koma harshen Folan ko na Cek. Wato ban da talatin ɗin da ke nan, akwai waɗanda ma ba su amsa sunan yanzu. Anjali ta ce na lalata mata jadawali, ba ta yi mini magana ba har Prague.

Sai kuma jiya. Muna cikin jirgin Vienna da hantsi, Anjali ta tashi neman shayi a taragon baya. Jirgin ya tsaya a wata tasha, aka yi sanarwa da harshen Cek, muka ji an ɗan girgiza mu, muka ci gaba. Shiru-shiru ba ta dawo ba. Leonor ta bi sawunta, sai ga ta ta dawo idanu waje, ta ce, "Shahlo, jirgin ya ƙare." Na ce kamar yaya ya ƙare? Ta ce, "Na buɗe ƙofa, babu tarago, sai layin dogo." Ashe raba shi aka yi biyu, rabin ya nufi Budapest. Yanzu Anjali tana Hangari da kofin shayi, jakarta da rigar sanyinta suna wurinmu. Allah ya so fasfonta na wuyanta. Ta bugo waya, rabin maganar kuka, rabin zagi. Gobe za ta iso.

Yau na je babbar maƙabartar Vienna, sashen sojojinmu. Na bi layi-layi ina share ƙanƙara da hannun riga. Na ga masu suna Yuldashev, wato ɗan Yoldosh, har biyu, babu Sobir. Na yi musu Fatiha duk da haka.

Ina takardar da soja suka aiko wa mahaifiyarki? Me aka rubuta a ciki daidai? Ko sunan kogi ne a turo mini.

Jikarki da kanta ya ɗaure,
Shahlo

Kokand, 28 ga Disamba

Shahlo,

Bayan gaisuwa. Wannan daga ni ne kaɗai, daga ofis nake rubutawa, kakarki ba ta sani ba.

Ki daina bin maƙabartun soja. Takardar da kike tambaya tana hannuna, babu sunan gari a cikinta. "Ya ɓace, ba labari," shi ke nan.

Lokacin da kakata, wato mahaifiyar Buvinki, ta rasu, ni na kwashe kayan akwatinta. A ƙasan zannuwa na tarar da hoto: mutum tsaye a ƙofar wani gida, da Baturiya a gefensa, da yarinya 'yar shekara shida. Shi ne, babu shakka. A baya an rubuta Neudorf 1961, da hatimin mai ɗaukar hoto na birnin Graz, nan ƙasar da kike. A ganina kama shi aka yi a yaƙi, ya ji azabar da hukuma ke yi wa fursunonin da suka dawo gida, ya ƙi dawowa. Na haɗa miki hoton da wannan saƙo.

Shekara goma sha tara ina ɓoye shi. Ban san inda Mama ta tsinci sunan garin ba, ƙila ya taɓa suɓuce wa mahaifiyarta. Ita dai ta tashi a matsayin 'yar wanda ya mutu a fagen fama, da wannan ta jure maraici. In kin ga dama ki je, in ba ki gani ba ki wuce Venice. Ko ta yaya, ki rubuto mata cewa kin sami kabarin soja kin yi addu'a. Kada ta ji wannan.

Kawunki, Erkin

Kokand, 28 ga Disamba

Shahlojon,

Sallama. Wannan Zulfiya maƙwabciyarmu mai kantin magani ce ke buga mini, na sa ta rantse. Erkin bai sani ba.

Na ji wasiƙarki, ban ci abincin rana ba. Ni na jefa ki cikin ƙanƙara kina share kaburburan mutane, don na ji kunyar faɗin gaskiya a gaban ɗana. Babana bai mutu a yaƙi ba. Ina da shekara ashirin da uku ɗan gidan waya ya miƙo mini ambulan na ƙasar waje. Na buɗe a zaure. Hoto ne, babu wasiƙa. Shi da wata mata da yarinya. Na karanta bayansa, na liƙe ambulan da ƙullun gurasa, na kai wa mahaifiyata kamar ban gani ba. Ta shiga ɗaki da shi, ta fito ta ɗora tukunya. Har ta koma ga Allah ba mu taɓa zancen ba. Ina jin ta ƙona shi.

Saboda haka ki nemi maƙabartar mutanen gari. Akwai wani hatimi a bayan hoton, na manta abin da ya ce.

Erkin kowace shekara ranar tunawa da yaƙi yakan sa kwat, ya kai furanni gindin dutsen da aka sassaƙa sunan kakansa. Tun yana ɗan makaranta yake yi. Kada ki karɓe masa wannan.

Kakarki

Graz, 2 ga Janairu

Buvijon, Kawu Erkin,

Assalamu alaikum, barkanku da Sallah. Ku yafe mini, wasiƙa ɗaya na rubuta muku ku biyu. Saƙonninku a zama ɗaya na buɗe su, wannan a kan wancan. Na fassara wa Leonor, ta ce, "To yanzu wa kike ɓoye wa me?" Na yi ta lissafi ban gano ba. Buvi, hoton bai ƙone ba, yana wurin Kawu. Kawu, Buvi ta riga ka ganinsa tun ba a haife ka ba. Sauran ku ƙarasa tsakaninku.

Anjali ta iso sanye da rigar sanyin wata tsohuwa da ta tausaya mata a Budapest. Na ce su wuce Venice, ni zan tsaya. Ta ce, "Ke? Ke kaɗai? Sai dai a tsinto ki a Rasha." Ta karɓi taswira ta fitar da Neudorf huɗu a kewayen Graz, ta rubuta sabon jadawali.

Na farko gidaje bakwai ne da kare. Na biyu muka wuce shi a jirgi, don ba mu san sai an danna wani maɓalli yake tsayawa ba. Na uku ranar Sallah muka je, a bas, don dogo bai kai can ba. Muka shiga gidan abincin garin muna karkarwa, na nuna wa mai wurin hoton. Ta miƙa wa wani tsoho da ke bakin murhu. Ya kalla ya ce, "Ai Baturke ne! Mai auren bishiyoyi. Rabin tuffan garin nan shi ya ɗaura." Na ce ba Baturke ba ne. Ya ce, "Yarinya, shekara talatin muna gaisawa, ke za ki gaya mini?"

Kabarin yana can gefen maƙabartar coci, jikin katanga. Babu gicciye a kansa. An rubuta Sabir Jolda, yadda bakinsu ya iya sunansa, 1914 zuwa 1979. An share ƙanƙarar da ke kai, wani yana kula da shi. Na karanta Fatiha, Buvi, har sau uku, don a na farko na rikice a tsakiya. Ban yi kuka ba. Leonor ce ta yi, ita da ba ta haɗa komai da shi ba.

Yarinyar hoton tana nan. Sunanta Waltraud, shekararta hamsin da ɗaya, tana dafa abinci a makarantar firamare. Tsohon ne ya kai mu ƙofarta. Na yi mata bayani da Jamusancina da ya watse don tsoro. Ta ce, "Kin yi kuskuren gida. Babana Baturke ne, daga Izmir yake, danginsa duk sun mutu." Na miƙa mata hoton. Ta shiga ciki ta fito da irinsa a cikin firam, ta jera su a kan tebur, ta zauna. Buvi, goshinki ne. Har yadda kike matse leɓe idan an kawo miki zancen da ba ki so.

Na gaya mata ainihin ƙasar da ya fito. Ta ce, "Uzbekistan. A ina take?" Anjali ta nuna mata a taswira. Ta ce, "Yana da mata?" Na ce yana da. "Da 'ya'ya?" Na ce 'ya ɗaya, tana raye, ita ta aiko ni. Ta zuba mana kofi, sannan ta ce don Allah mu tafi.

Muna tsaye a tashar bas sai ga ta da gudu, da silifas a cikin ƙanƙara. Ta danƙa mini lambar wayarta ta ce, "Ranar Alhamis ki dawo, ke kaɗai. Yau ban san ko ni wace ce ba."

Ni ma ban san me nake ji ba. Wani lokaci haushinsa nake ji, wani lokaci tausayi, wani lokaci yunwa kawai. Ban ma san me zan kira ta ba, kaka ko inna. Su Leonor sun tafi Venice ɗazu, sun bar mini jadawalin komawa Leipzig kwafi biyu.

Jibi ne Alhamis. Me zan ce mata?

Taku, Shahlo

Kokand, 3 ga Janairu

Shahlo, Kawunki ne. Na karanta mata duka, ban tsallake komai ba. Tun jiya ba mu yi magana ba, sai ɗazu ta ce in zauna in rubuta. Ga maganarta yadda ta faɗa.

Shahlojon, Allah ya yi miki albarka, kin sauke mini. Ki je da gurasa, kada ki shiga gidan mutane hannu sake. Ki ce mata yayarta tana gaishe ta, kuma ba ta da laifin komai. Sannan ki tambaye ta ko ya taɓa ambaton wata yarinya Munavvar, ko sau ɗaya, ko a cikin ciwo. In ta ce a'a, ki rubuto mini a'a. Kada ki gyara mini.

Ina jira.
Kakarki, Munavvar