Kiɗan Motar Shara

Chiayi, 3 ga Maris

Zuwa ga surukina Kuo Tien-fu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Bayan haka, 'yata ta ce kai ka zaɓa wa jikarmu Pei-shan abin da za ta kaɗa da fiyano a taron unguwarku, wai na Beethoven, don shi ne gaba da kowa cikin masu tsara kiɗa. Shekara goma sha biyar ina gaya maka, mutumin nan hargowa kawai ya iya. Bach kuwa masaƙi ne, zare huɗu a hannunsa, babu wanda ke harɗewa. A ba yarinya Bach.

Naka da girmamawa,
Liao Chin-shui

Tainan, 9 ga Maris

Suruki,

Na gaishe ka. Gwiwa tana nan da taurinta, kamar kanka. Bach ɗinka keken ɗinki ne, ba ya tsayawa sai zare ya ƙare. Beethoven kurma ne, amma ya sa duniya ta kasa kunne. Magana ta ƙare.

Ka huta lafiya,
Kuo

Chiayi, 24 ga Maris

Surukina,

Ina gaisuwa. Ban samu zuwa ba, amma labari ya iso. Duk abin da kurman ya rubuta, ka rasa wanda za ka zaɓa sai wanda motar shara ke busawa kullum da yamma don mutane su fito da shararsu? Kuma a taron ƙarfe shida, daidai lokacin zuwan motar? An ce yarinya na taɓa fiyano tsofaffin sahun gaba suka miƙe, matar mai awara tana cewa, "Ku ba ni hanya, ban ɗaure sharata ba." Rabin zauren ya watse. Pei-shan ta ce wa uwarta a sayar da fiyanon, bayan shekara bakwai tana koyo. Na kira ta in nuna mata da Bach ne da hakan bai faru ba, ta ce, "Kaka, kai ma ka ishe ni," ta kashe wayar. Ka san yadda za ka yi.

Naka,
Liao

Tainan, 20 ga Afrilu

Suruki,

Gaisuwa. Sau uku na ba Pei-shan haƙuri, na kuma yi alkawarin kama bakina. Jiya ta buɗe fiyanon. Na laɓe bayan ƙofa ina share ido, amma ban gane ba ko Bach ɗinka take kaɗawa ko Beethoven ɗina. Na tambaya, ta ƙi faɗa. Ka hau jirgin ƙasa ran Asabar ka ji. In kai ma ba ka gane ba, sai mu sha shayi mu yi shiru.

Sai ka zo,
Kuo