Jajayen Turaku a Gonar Baba

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali da yara? Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan.

Sabon titin da ya taso daga Jahun ya biyo ta Miga, ya iso gonar marigayi Baba. Da na ga jajayen turaku a bakinta, na tasam ma masu aikin: "Gonar marayu ce ta fi muku sauƙin ci?" Wani dattijo ya ce, "Samari, karanta jikin turken tukuna." Karatun da na koya a allunan hanya ya yi rana. Ashe kwalbati za su gina, ambaliyar da ke cinye mana gonar ta samu mafita!

Gaida Kawu. A taya mu addu'a su gama kafin damina. Bana shinkafa nake so mu girba, ba kifi ba.

Ƙaninka,
Habu