Buhu Na Goma Sha Ɗaya

Parakou, Janairu 1979

Zuwa ga ƙanena Ashafa, a Djougou.

Bayan gaisuwa da fatan kamyonka, motar lodin nan, tana lafiya, tun da ita ce uwarka yanzu. Labari ya iske ni a rumfata a kasuwar Arzèkè. Kowane buhun dawa da kake ɗauko mini, dala sittin nake biyanka. Zinatu, autarmu, dala ashirin. A rediyo kullum ana cewa duk mun zama kamarad, babu babba babu yaro. Ashe maganar ba ta iso gidanmu ba. Ni na goya ka har bayana ya saɓule. Ita me ta yi maka, ban da dariya in ka yi magana?

Yayarka,
Habsa

Djougou

Yaya Habsa,

Ina gaisuwa da ladabi. Wanda ya kawo miki labarin rabi ya kawo. Zinatu na biyana jaka biyu duk wata, wato dala ɗari huɗu, ko ta yi lodi ko ba ta yi ba, sannan ashirin a kan buhu. Ke buhu takwas kike yi a wata: ɗari huɗu da tamanin. A tsarinta, da ɗari biyar da sittin za ki biya. Sauƙi na nema miki, wallahi. Ki huce.

Ƙanenki,
Ashafa

Parakou

Ashafa,

Ina gaisuwa. Ni za ka koya wa lissafi? Sittin sau buhu, daidai da ɗari huɗu a tara da ashirin sau buhu. Cire ashirin ɗin, saura arba'in. Arba'in cikin ɗari huɗu, goma. A buhu goma muke haɗuwa, daga nan tsarinta ya fi sauƙi. Na san haka tun kafin in rubuta maka.

Abin da ke cina ke nan. Ka zauna kai kaɗai, ka dube mu, ka yanke cewa ita za ta wuce goma, ni kuwa a takwas zan tsufa. Ko tambayata ba ka yi ba.

Ka sa ni a tsarinta. Wata mai zuwa buhu goma sha ɗaya za ka ɗauko, ko da ukun yashi ne.

Habsa

Djougou

Yaya,

Na gaishe ki. An sa ki. Na ɗinke goma sha ɗaya, duka dawa. Zinatu ta ji, ta ce ashe ke nake so, ta daina gaishe ni.

Allah ya bar zumunci.
Ashafa