Rediyon Inna Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum, Hajiya Badi'a. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, na ɗaure kaina da igiyar da na kasa kwancewa, kuma na gaji. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Gwarzo, amma asalina ɗan Durun ne a ƙasar Kabo. Tun ina ƙarami nake da ƙaiƙayin hannu, duk abin da aka ɗaure da noti sai na kwance na leƙa cikinsa. Shekara uku da suka wuce na tsunduma cikin harkar wasu 'yan kwamfutoci masu araha. Ɗan fanel ne kore guda ɗaya, tsirara, bai fi tafin hannu ba, babu sikirin babu murfi. Duk ƙwaƙwalwarsa tana cikin katin memori irin na waya, cajar waya ce kuma take ba shi wuta. Da ɗaya na mayar da tsohuwar talabijin ɗinmu mai nuna karatu da fina-finai. Da wata na so in haɗa abin da zai riƙa kunna injin ban-ruwa da kansa, wannan har yau yana cikin kwali. Maiɗakina bola take kiran teburina, ban kuma taɓa samun bakin musa mata ba.

Mu gidan shanu ne tun asali, kodayake yanzu noma ya fi yawa. Lokacin da Baba yake da ƙarfinsa, duk rani shi da ƙanensa Baffa Maikuɗi, wanda yanzu yake zaune a Mainika, sukan kora garke su yi kudu, sai damina ta sauka su dawo. Baba bai yi boko ba, Inna ma haka. Saboda haka wasiƙarsa kaset ce. Ya samu gindin bishiya ya zauna da rediyonsa, ya yi ta magana, Hausa da Fillanci a cakuɗe, ya ba direban mota ya kawo. Yakan lissafa shanu da sunayensu, wadda ta haihu da wadda ta yi ɗingishi, ya gaida kowa har maƙwabta. Inna ce kaɗai ba ya gaisarwa kai tsaye, kin san kunyarmu. Sai can ƙarshe ya tambayi lafiyar jar saniyar da ya bari a gida, da mai kula da ita. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa.

Kaset goma sha ɗaya Inna ta adana a ƙasan adakarta. Rediyon ya daɗe da mutuwa, yanar ido kuma ta rufe mata gani, sai dishi-dishi take gani. Bara sai na ce bari wannan bolar tawa ta yi rana. Na aro rediyo mai rai, na juye kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya a kwamfutata, biyu ma sai da na liƙe zarensu da ya tsinke. Sannan na kwashe cikin tsohon rediyon Baba, na dasa ɗan fanel ɗin a ciki, na haɗa shi da lasifikar asali, na jona shi da batirin sola. Na sa babban maɓalli ɗaya a sama wanda hannu zai lalubo. Ka danna, Baba ya yi sallama.

Da na gama, na kai mata. Ta shafa jikin rediyon, ta ce in ajiye can. Yayata Uwaliya, wadda take zaune da ita, ita ta gaya mini daga baya cewa kullum bayan la'asar Inna takan saki labulen ɗakinta ta kunna, ta rage sauti, in an shigo ta ce ai labarai take nema. Uwaliya ta ce abincinta ma ya ƙaru. Hajiya, ban taɓa jin na yi abin kirki a duniya kamar wannan karon ba, har kaina ya kumbura.

To ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan 'yan kwamfutoci ba a zare musu wuta kai tsaye. Sai an kashe su a tsanake, an jira 'yar fitilarsu ta daina ƙiftawa, in ba haka ba wata rana katin ya rikice. Na sa ɗan jan maɓalli a gefe don haka, na yi wa Inna bayani sau ɗaya, ta gyaɗa kai. Ban tsaya na tuna cewa ba ta ganin fitilar ba. Ban kuma tuna cewa shekara arba'in tana cire wa rediyo batir da zarar ta gama ji, don kada ya tsiyaye. Ashe kullum in Baba ya kai kan jar saniya, sai ta lalubo wayar wutar ta zare, ta lulluɓe rediyon da ɗankwali. Wata takwas yana jurewa. Ranar wata Talata ya ƙi tashi.

Na sa katin a kwamfutata, ta ce ba ta san shi ba, sai dai in wanke shi, wato in share duk abin da ke ciki. Ban wanke ba, Allah ya taimake ni a nan. Na nemi kwafin da na juye tun farko, sai na tuna na goge shi da hannuna watannin baya, don in samu wurin zuba wasannin ƙwallo. Na ce ai da sauƙi, kaset ɗin suna nan. Na hau babur na tafi Durun. Sai Uwaliya ta tuna mini cewa ni da bakina na ce kaset sun gama aiki, an zo zamanin da ba a buƙatarsu. Da gero ya fara ido, tsuntsaye suka dame su, sai aka farke kaset ɗin aka ja zaren daga kara zuwa kara a gona, kamar yadda ake yi. Na je na tsaya a bakin gonar. Ga zaren nan yana walƙiya yana kaɗawa, rana da ruwa sun gama da shi. Na daɗe a tsaye, na kasa ko taɓa shi.

Yau mako bakwai ke nan ina yi wa mahaifiyata ƙarya. Na ce wani ɗan ƙarfe ne ya ƙone, an aika Kano. Na ce kayan bai iso ba. Na ce mai shagon ya yi tafiya. Ita kuma ba ta tambaya kai tsaye, sai na tashi tafiya ta ce ko wannan abin nawa ya warke. Uwaliya ta ce bayan la'asar har yanzu takan saki labulen, ta zauna shiru. Na fara rage zuwa gida saboda wannan tambayar, ni da nake zuwa duk Juma'a.

Abin da ya rage mini na muryar Baba ɗan guntu ne, bai kai minti ɗaya ba, wanda na tura wa Uwaliya a waya ranar da nake ɗoki. Uwaliya ta ce in ce tsawa ce ta ƙone rediyon, a wuce wurin. Ni kuma wani tunani ya addabe ni, har ina jin kunyar rubuta shi. Kowa yana cewa muryata ta Baba ce sak. Na saurari kaset ɗin nan har na kusa haddace su. Zan iya zama in maimaita abin da na tuna, in sa masa ƙarar tsohon kaset, in zuba a sabon kati. Na ma gwada sau ɗaya, na goge.

In na faɗi gaskiya, zan gaya mata cewa muryar ta tafi, kuma in ta tambayi dalili, hannunta ne ya zare wayar. Ina zan kai wannan? In na ci gaba da ƙarya, ban san ranar ƙarewarta ba. Teburin nan ma na daina kallonsa. Ki gaya mini abin da zan yi, Hajiya, kaina ya ƙulle.

Naki,
Gajiyayyen ɗa, daga Gwarzo

Wa alaikumus salam, Malam Gajiyayye. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Inna lafiya, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.

Bari mu fara da katin, tunda shi ya fi gaggawa. Na tambayi masana wannan harka, sun ce katin da ya rikice daban, wanda ya mutu daban, kuma sau da yawa abin da ke ciki yana nan, hanyar zuwa gare shi ce ta toshe. Ka yi dabara da ba ka wanke shi ba. Yanzu ka cire hannunka daga kansa gaba ɗaya. Na san irinku, ƙaiƙayin nan zai ce ka ƙara gwada wata manhaja, sai a yi gyaran gangar auzinawa. Ka naɗe shi, ka kai Kano wurin wanda aikinsa ke nan, ka ce a fara kwafe katin dukansa kafin a taɓa komai. Ban yi maka alkawari ba, ana dacewa ana rasawa. Sannan ka hau babur ɗin nan ka je Mainika. Mutumin da ya shekara da shekaru yana aiko kaset ba gida ɗaya ya aika wa ba, kuma Baffa Maikuɗi yana gefensa lokacin da ake ɗauka. Ka duba adakar gidansa kafin gero ya sake yin ido.

Batun kwaikwayon murya kuwa, ka binne shi. Na fahimci tausayi ne ya kawo shi, ban ɗauke ka mugu ba. Amma matar da ta yi wata takwas tana sauraron mutum kullum, bayan zaman aure na shekaru, ta san inda yake jan numfashi da inda yake tari. Za ta gane tun a sallama. Kuma irin kunyarta ba za ta bari ta gaya maka ta gane ba, sai ta haɗiye, ku zauna kowa yana yi wa ɗan'uwansa kara a kan ƙarya. Shawarar Uwaliya ta fi sauƙi, niyyarta kuma mai kyau ce, amma ita ma ƙarya ce, ka kuwa ɗanɗana nauyinta mako bakwai.

Inda nake ganin ka ɓata lissafi shi ne da kake cewa hannun Inna ne ya jawo. Inna ta yi wa rediyo abin da ake yi wa rediyo, tattali ne ta yi. Kai ne ka ƙera abu daidai idonka, ka miƙa wa mai lalube. Kai ka goge kwafi, kai ka sallami kaset. Ban faɗa don in ƙara maka ciwo ba, da na sani ƙeya ce. Na faɗa ne don ka ga cewa gaskiyar da za ka kai mata ba ta da sunanta a ciki. Ka ce mata kuskure ka yi wajen haɗawa, ba ka ajiye na ajiya ba, kana nema amma mai yiwuwa ba za a samu ba, kuma ka ji tsoron faɗa mata ne. Ka nemi gafararta. In ta tambayi batun wayar, ka ce aikinka ne ka yi shi yadda zare waya ba zai cutar da shi ba, kuma hakan gaskiya ne. Kada kuma ka manta, kai ne ka mayar mata da muryar nan wata takwas bayan ta yi shekaru a kulle cikin adaka. Wannan ladan ba ya gogewa.

Ka koma teburinka. Ka sa wannan ɗan guntun a sabon kati, ka tsara shi yadda ko an zare waya sau ɗari ba abin da zai same shi, an ce mini ana iya hakan. Kwafi uku, a gida uku. Ka mayar mata da rediyonta, minti ɗaya ya fi shiru.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna a wasiƙarka. Ka rubuta mini shafi guda a kan muryar wanda ya tafi, ba ka ce ka taɓa ɗaukar muryar wadda take nan ba. Ita ta san sunayen shanun nan, ta san abin da kowane kaset ya ƙunsa fiye da kai, ta san abin da ta so ta mayar masa ba ta samu faɗa ba. Ka nemi izininta, ka ajiye wayarka a gefe, ka tambaye ta labarin jar saniya. Mai yiwuwa ta kore ka ranar farko. Ka koma.

Kuma ka daina rage zuwa. Inna ta rasa murya ɗaya bayan la'asar, kada tsoronka ya sa ta rasa ta biyu, wadda kowa ke cewa ta Baba ce sak. Juma'ar nan ka je ka yi mata sallama da bakinka.

Allah ya ba ka ƙarfin gwiwa, ya sa a dace da katin, ya bar maka Inna. Ka gaishe mini da ita da Uwaliya.

Hajiya Badi'a