Awannin da Auta Ta Yi a Kaina

Da sunan Allah. Ni ce uwarku, da hannuna na rubuta, hannun daman da ciwon ya bar min. Rubutun ya karkace don aji uku kawai na yi, amma hankalina ƙalau yake. Na san yau Laraba, na san ƙwayoyina huɗu da lokacin shan kowace, na kuma san mai zuwa duba ni da mai aiko gaisuwa ta waya. Likita ya ce zuciyata ta gaji, ni ma na ji a jikina. Kada ku jira sai na mutu, ku karanta takardar nan yau.

Na ɗaya, maganar Auta. Shekara uku ke nan da ta shiga kwalejin nan ta bayan tasha tana koyon gashin ƙashi, wato motsa jikin waɗanda suka karye ko suka shanye irina. Karatun shekara biyu ne. Wata biyar da farawarta na faɗi a bakin famfo, ɓarin hagu ya mutu. Nan take kuka ce Allah ya kawo sauƙi, muna da likita a gida. Yarinyar da lokacin sunayen ƙasusuwa kawai take haddacewa! Kuka liƙa mata suna Likita kuna dariya, kuka sakar mata ni, kowa ya koma harkarsa.

Ta ci duk jarrabawar takarda, a kan kujerar robar nan ta gefen gadona ta yi karatun. Abin da ya rage aikin asibiti ne, sati goma sha biyu, safe zuwa yamma, a ƙarƙashin wata babba da za ta riƙa sa mata hannu a littafi kullum. Sau biyu ana ba ta gurbi tana ɗagawa saboda ni. Takardar da suka aiko ta ɓoye ta a aljihun gadona, na sa ma'aikaciyar da ke zuwa auna jinina ta karanta min. Babu ɗagawa ta uku. In ba ta je ran ɗaya ga wata ba, sun cire sunanta.

Na tambaye ta ko juya ni da miƙe min ƙafa da take yi ba shi ne aikin ba. Ta ce shi ne, amma kwaleji ba ta lissafa wanda aka yi wa uwa a gida, don ba mai sa hannu. Shekara biyu da rabi tana ɗaga ni, ko awa ɗaya ba ta shiga littafin ba.

Na biyu, nawa laifin. Ni na ce hannun kowa ciwo yake min sai nata. Rabi gaskiya ne, rabi tsoro. Abin da nake gani daga gadon nan silin mai tabon ruwa ne, da ƙarfen taga, da ƙafar tankin maƙwabta. In mutum ya kwanta haka, na kusa da shi yake damƙewa. Ni ciwo ya kulle ni, ita kuma ni na kulle ta. Ranar da ƙawayenta suka zo da farar riga sun gama, ta raka su ƙofa, ta dawo ta ɗauki fo ta je ta zubar. Ina kallo ban ce ta bi sahunsu ba, kuma abin nan yana damuna.

Na uku, Babba da Tela, gabar nan ta isa. Babba, gaskiya ne ka yar da ni a banɗaki. Ta hamata ka ɗauko ni kamar buhu, ga santsi. Tela, ke kuma kika ce so yake ya ƙarasa ni. Shi ya rantse ba ya ƙara taɓa ni, ke kika ce bayanki na ciwo. Faɗan ya yi muku daɗi, don ya sauke muku ɗawainiya ku biyun. Ni da na faɗi na yafe, ban ga abin da ya rage muku ba.

Na huɗu, ran Asabar ku zo Auta ta koya muku. Ba wani abu ba ne. A lanƙwasa gwiwar da ta mutu, a kama zanin gado ba hannuna ba, a ƙirga uku a juya. Filo tsakanin gwiwoyi. Duk awa biyu, kuma a duba duga-dugai da ƙugu kada gyambo ya buɗe. Tela, safiya taki ce, ki kawo keken ɗinkinki nan, akwai wuri. Babba, kana ajiye motar 'yan makaranta ka wuto. In kunyar jikina kake ji, ni na riga ka ganin naka.

Na biyar, kaya. Gida a raba yadda addini ya ce. 'Yan kunnena na ba Tela, agogon babanku na ba Auta tun yanzu, da shi take ƙirga bugun jinina. Gadon asibiti da keken guragu da sandar nan mai ƙafa huɗu a bayar ga mai buƙata, kada su kwana a gidan bayana. Na ji Babba yana cewa in na tafi a kawo surukinsa mai ciwon ƙafa ɗakin nan, tunda ga kaya ga Likita. Ban yarda ba. Ban haifi yarinyar nan don a riƙa sauya mata majinyaci ba.

Na shida, in na mutu cikin satittikan nan a gaya mata, kada a ɓoye. Ta zo a rufe ni, ta yi kwanakin da kwaleji ta ba ta, ta koma. Kada wani ya tsare ta da me mutane za su ce.

Auta, ke kuma. In kika ƙi tafiya kika ce don ni, ban gode ba. Na san kaina. Safiyar farko kina ɗaukar jaka zan kira sunanki, wataƙila har na ce ina jin numfashina yana ɗaukewa. Ki auna ni sau ɗaya, in lafiya ki fita. Kada ki juyo.

Allah ya yi muku albarka ku ukun, ya ba ku masu juya ku in kun kwanta. Ku riƙe juna bayana, ku riƙa shiga gidajen juna ba sai an yi rashi ba. In nauyi ya zo ku kama shi tare, kada ku sake barin ƙaramarku da shi ita kaɗai.

Uwarku.