Baba Ya Daina Ƙirga Hannuwa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maman 'yan biyu da yaran, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi har ta koma zagayen gidajen mutane, babbar 'yata ta gama jarrabawa, ni kuma ina nan ina fama da ɗalibaina. Gaisuwa ta ƙare, Auta. Gyara zama.

"Yaya, wallahi muddin Baba yana gidana, abin da ransa yake so shi zai ci, kuma faranti ɗaya za mu riƙa sa hannu ni da shi." Ka gane mai wannan magana? Kai ne, a bakin ƙofata, wata bakwai da suka wuce, jakar magungunansa tana rataye a kafaɗarka. Na bar ka ka tafi da shi ne don asibitin da yake zuwa ya fi kusa da kai, ba don na gaji da shi ba. Alkawari kaya ne, ni kuwa ina zargin ka sauke naka tun a hanya.

Ka san mutumin da ka ɗauka. Shekara arba'in ya yi a bakin tandar burodi, kuma bai taɓa kai loma baki ba sai ya ƙirga hannuwan da suka taɓa abincin: manomi, mai niƙa, direban da ya ɗauko, mai shago, mai girki, wanda ya miƙo. In ya gama sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce saura hannun da ba a gani, sannan ya yi bisimilla. Kai ne ma kake kuka kana ƙarami, wai Baba ya yi sauri shinkafa tana hucewa. Burodin farko da ya fito daga wuta kuwa sai ya gutsura ya shinshina, ya ce mana wasiƙa ce daga Ubangiji, a karanta ta da zafinta. Wata biyun farko da ya yi a gidanka, duk Lahadi in na kira sai ya cika mini kunne da labarin miyar matarka, yadda take soya albasa har ta yi ja ba ta ƙone ba. Yanzu in na tambaye shi me ya ci, sai ya ce an ci, an gode Allah. Shi ke nan. Lahadin da ta wuce na tambaye shi hannu nawa ya ƙirga a abincin rana. Sai ya ce bai san wanda ya yi shi ba, don haka ba shi da wanda zai ƙirga. Nan take ka karɓe wayar ka ce layi ba kyau. Layin da na ji har ƙarar fankarku a cikinsa.

Ruwa ba ya tsami banza, sai na koma kan hotunan da kake turo mini. Uku ne, wata-wata, kowanne Baba yana zaune gaban faranti. Auta, kifi ɗaya ne. Jelarsa ta lanƙwasa hagu a na farko, ta lanƙwasa hagu a na biyu da na uku, ga ɓarin lemon tsami a gefe guda, ga kalandar bango ba ta motsa daga wata ɗaya ba. Hularsa kawai ka riƙa canja masa. Ni da nake kama yara sun kwafi aikin juna ko da sun sauya biro, ni za ka yi wa wannan? Kifin nan ya fi mu duka ƙoshin lafiya, wata uku bai ko bushe ba.

Sai ga hoto na huɗu, wanda matarka ta turo na 'yan biyu cikin sabbin kayan makaranta. Na buɗe shi sosai na duba bayansu. Ga Baba a kujerar lungu shi kaɗai, riƙe da kofi, abin da ke ciki kalar ruwan wanki. Zoben azurfarsa ya bar yatsan da ya shekara talatin a kai ya koma babban yatsa saboda rama. A saman firiji kuma gwangwanaye ne jere, irin na garin nan da abokinka yake tallatawa, wanda kuke kira Dokta alhali ko allura bai taɓa riƙewa ba. Ban manta saƙonnin da ka riƙa turo wa dangi ba, wai cokali uku a ruwan ɗumi ya wadatar da jiki, wai neman daɗin baki raunin imani ne. Biri ya yi kama da mutum. Matarka kam ban zarge ta ba. Ina ma jin hannunka mai sanda ta yi mini, kuma kada ka kuskura ka ɗaga mata murya a kan haka.

Kwafin takardar likita yana wurina, na karanta shi ya fi sau goma. An ce a rage gishiri, a rage sukari, a rage mai. Ragewa aka ce. Ban ga inda aka rubuta a raba tsoho da cokali ba. Maganar imani kuwa, ka zo mu yi ta. Da Allah ya so a raye kawai za mu kasance, da ya yi mana abu guda marar ɗanɗano mu riƙa ɗurawa kamar man mota. Amma ya sa ƙamshi a albasa, ya ɓoye zaƙi a cikin ƙashin kifi, ya tsaga lemo gida-gida tun a kan bishiya don a raba wa yara ba faɗa. Wa ya roƙe shi wannan? Ba kowa. Kyauta ce a kan kyauta, kuma mai mayar da kyauta ba shi ne ya fi kowa tsoron Allah ba. Baba bai yi karatu mai zurfi ba, a bakin faranti ya koyi godiya, a nan ya koya mana. Ido ya yi rauni, ƙafa ta ƙi, abokansa sun ƙare, Inna ta riga mu gidan gaskiya. Ƙofa ɗaya ta rage masa da yake leƙa alherin Ubangijinsa sau uku a rana, kai kuma ka sa mata kwaɗo kana ganin gata ka yi masa. Na san tsoron rasa shi kake yi. Ni ma ina yi. Amma mutumin da ya daina jiran abincin rana ya fara daina jiran gobe.

In zargina ƙarya ne, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, zan ba ka haƙuri a gaban kowa. Ka gaishe mini da maman 'yan biyu da kyau, da 'yan biyun, da surukarka. Gwaggo da Kawu da baban yara suna gaishe ku. Baba kuwa ba sai ka isar masa ba, ban yarda da saƙo ta hannunka ba a yanzu.

Na ba ka zuwa Lahadi ta sama, ƙarfe biyu na rana. Ka kira ni ta bidiyo, ka jingina wayar a kan tebur, ka zauna kusa da shi ku sa hannu a faranti ɗaya, abincin da matarka ta dafa yadda likita ya ce. Ba na son jin bakinka. Muryarsa nake so in ji yana ƙirgawa tun daga manomi. In biyu ta wuce ban ji ba, Litinin da safe zan shiga mota da Gwaggo a gefena da burodi mai zafi a cinyata. Zan gutsura masa a falonka, a gaban gwangwanayenka, in jira ya ɗaga yatsan nan. Daga nan in haɗa masa jakarsa. Ɗakinsa yana nan a share.

Yayarka, wadda ta goya ka.